Uwargida, In Mota Ta Ƙi Tashi, Saurare Ta Kafin Ki Kira Bakanike

  A wannan karon za mu ɗan ajiye zancen girki da kwalliya mu leƙa gareji, domin mu tattauna a kan wata matsala da kusan duk gidan da ke da mota ya taɓa cin karo da ita, wato a murza makulli mota ta ƙi tashi.

Wata za ta ce, "Ina ruwan mace da cikin bonet? Ai wannan aikin maza ne." To 'yar'uwa, a yau mata da dama su ke kai yara makaranta, su je wurin aiki, su je awo asibiti, su je Islamiyya ko gidan suna da kansu. Wadda ma ba ta tuƙi, akwai ranar da maigida zai yi tafiya ya bar mata mota da direba, ko da ƙaninsa wanda bai fi ta sanin komai ba. Ita kuwa mota ba ta zaɓen lokacin da za ta yi gardama. Tana iya yi da ƙarfe bakwai na safe ranar jarrabawar yara, tana iya yi da ƙarfe biyun dare yaro na fama da zazzaɓi mai zafi ko maƙwabciya na kan gwiwa, lokacin da babu bakaniken da zai ɗaga miki waya. A irin wannan sa'a, ɗan abin da kika sani shi ne zai yi miki rana.

Tarihi ma ya nuna cewa mace ce ta fara yin doguwar tafiya da mota a duniya, kuma da hannunta ta yi gyaran da ya taso mata a hanya. A watan Agusta na 1888, Bertha Benz, matar Bajamushen nan Carl Benz mai ƙera mota, ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu daga garin Mannheim zuwa Pforzheim wajen mahaifiyarta, tafiyar sama da kilomita 100. Da bututun mai ya toshe, da allurar maƙale hularta ta zaƙule shi. Da wata waya ta saɓule, da igiyar ɗaure safarta ta naɗe ta. Kin ga ke nan ba yau mata suka fara leƙa cikin inji ba.

Ba muna nufin ki zama bakanike ba. Abin da muke so ki riƙe shi ne, motar da ta ƙi tashi tana faɗin ciwonta da kanta, ta hanyar ƙarar da take yi da fitilun da take nunawa. In kin iya saurare, wata matsalar za ki warware ta cikin minti biyar, wadda kuma ta fi ƙarfinki za ki san wanda ya kamata ki kira da abin da za ki gaya masa.

Yadda mota ke tashi

Ki tuna da janareton gidanku. Kafin ya kama sai an fizgi igiya, ita ce ke juya injin. In an fizga kuma, sai akwai mai a tanki, iska na shiga, fulogi na ba da tartsatsin wuta, sannan ya ɗauka. To haka injin mota yake. Motocin farko da hannu ake juya su, da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa ta gaba, wanda yakan dawo da ƙarfi ya karya wa mutum hannu. Sai a 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai tashi da wutar lantarki, bisa ƙirƙirar wani injiniya mai suna Charles Kettering. Wannan na'ura ita ce masu gyara ke kira kik, kuma aikinta shi ne aikin mai fizgar igiyar janareto. Ƙarfinta daga batir take samu, shi kuma batir wata na'ura mai suna altaneta ce ke yi masa caji yayin da inji ke aiki.

Saboda haka tambayar farko da za ki yi wa kanki ita ce: da na murza makulli, injin yana juyawa ko ba ya juyawa? In ba ya juyawa, matsalar tana tsakanin batir, wayoyinsa da kik. In yana juyawa amma bai kama ba, batir ya yi nasa aikin, sai a nemi laifin wajen mai ko wutar fulogi. Wannan tambaya kaɗai ta raba miki aikin gida biyu.

Kafin ki sake murzawa, ki yi bismillah ki natsu. Ki kashe rediyo da na'urar sanyaya mota da fitilu, ki sauke gilashi, ki ce yara su yi shiru. Ki kai makulli inda aka rubuta ON ki tsaya, ki dubi fitilun dashbod: sun kawo da haske sosai, sun kawo dishi-dishi, ko ba su kawo ba sam? Daga nan sai ki ƙarasa murzawa, kina kasa kunne.

Na ɗaya: shiru kake ji

In kin murza ba ki ji komai ba, dashbod kuma duhu, oda ba ta kuka, to wuta ba ta fitowa daga batir. Ko dai ya mutu murus, galibi saboda an kwana da fitila a kunne ko yara sun zauna suna jin rediyo, ko kuma kan batir ne ya kwance.

In kuwa dashbod ya haska tar amma kika murza shiru, ki fara da ƙananan abubuwa. Mota otomatik ba ta tashi sai giya na kan P ko N. Ki taka birki, ki tabbatar giyar ta zauna daram a kan P. In ta ƙi, ki mayar da ita N ki gwada, domin ɗan makunnin da ke gane inda giya take yakan gaji. Mota mai giyar hannu kuma, da yawansu sai an taka kuloci har ƙasa, kuma wani lokaci shimfiɗar ƙafa ce ke tattarewa a ƙarƙashinsa ta hana shi kaiwa. In makullin ne ma ya ƙi murzuwa, kada ki yi masa ƙarfi ya karye a ciki. Sitiyari ne ya kulle, sai ki riƙa motsa shi hagu da dama kina murza makullin a hankali.

Motocin zamani masu tashi da danna maɓalli suna da tasu. Ɗan batirin da ke cikin rimot, mai kama da kwabo, yakan ƙare, sai motar ta kasa gane makullinta. A yawancinsu in kika kanga rimot ɗin a jikin maɓallin kika danna, ƙafarki na kan birki, za ta tashi. Daga nan sai a sayi sabon batirin rimot a ranar.

Na biyu: ƙas-ƙas-ƙas, ko juyin kasala

In kin ji ƙara a jere da sauri, ƙas-ƙas-ƙas, fitilun dashbod na lumshewa, ko kuma injin na juyawa da ƙyar kamar wanda aka tasa daga barci, to batir ne ya yi sanyi. Akwai sauran wuta a cikinsa da za ta kunna fitila da rediyo, amma ba ta isa ta juya inji ba. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa su ce, "Ai ba batir ba ne, ga rediyo na yi." Wutar da kik ke ja ta ninka ta rediyo nesa ba kusa ba. Gwaji mai sauƙi shi ne ki kunna fitilar rufin mota ki murza makulli. In ta dushe ko ta mutu, kin kama ɓarawon.

Sai dai kafin a yanke wa batir hukunci, a duba kawunansa guda biyu. Ki zare makulli, ki buɗe bonet. Ki cire zobe da awarwaro da agogo, domin in ƙarfe ya haɗa kan batir da jikin mota yana iya yin jajir ya ƙone ki. Ki tattare mayafi ko hijabinki ki soke shi da kyau, kada ya yi lilo cikin inji inda fanka da fambel suke. Ki kama kowane kai ki girgiza. In yana motsi, ya kwance ke nan, sai a ɗaure notinsa, kuma a yawancin motoci sifana mai lamba 10 ce ke yi. In kin ga wani farin gari ko kore-kore ya taru a kai, shi ne ke tare wutar. A kwance waya mai alamar ragi (−) tukuna, sannan mai alamar tarawa (+), a wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa bekin soda a ciki, a goge da tsohon buroshin haƙori, a bushe. Wajen mayarwa a fara da mai tarawa, a ƙare da mai ragi. Ki guji taɓa garin da hannu tsirara ko kai shi kusa da ido, asid ne. Al'adar nan ta ɗauko dutse a yi ta ƙwanƙwasa kan batir takan tayar da mota yau, amma tana fasa gindin kan ta jawo sayen sabon batir gobe.

Na uku: ƙas guda ɗaya

In fitilu na da haske sosai, ba su dushe ba, amma duk murzawa sai ki ji "ƙas" sau ɗaya shi ke nan, zargi ya koma kan kik ko wayar da ke kai masa wuta. Sau da yawa yakan yi gargaɗi tun da wuri: yau ya ɗauka a murzawa ta farko, gobe sai ta uku. Za ki ga bakanike ya ɗan bubbuga jikinsa da ƙarfe wani na murza makulli, motar ta tashi. Wannan dabarar isa gareji ce kawai, kik ɗin na nan da ciwonsa, sai an kwance shi an gyara ko an sauya.

Na huɗu: tana juyawa, ba ta kamawa

In injin na juyawa da ƙarfinsa kamar kullum amma ya ƙi ɗauka, ki bar batir ya huta, ba shi da laifi. Kada ki wuce daƙiƙa 10 kina riƙe da makulli, kuma ki ba da tazarar kamar minti ɗaya kafin ki sake, in ba haka ba kik zai yi zafi, batir ya ƙare, matsala ɗaya ta zama uku.

Fara da mai. Abin dariya ne amma yana faruwa kullum, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 mutane suka koma shan lita biyar-biyar. Allurar mai takan yi ƙarya a tsohuwar mota, haka in an ajiye mota a gangare da ɗan mai kaɗan famfo ba zai iya zuƙo shi ba. Shi wannan famfo a cikin tanki yake a motocin yanzu, kuma man ne ke sanyaya shi, don haka yawo da tanki a ƙarƙaf yana rage masa kwana. Ga yadda za ki ji lafiyarsa: ki kai makulli kan ON ba tare da kin tayar ba, ki saurara ta wajen kujerar baya. Lafiyayyen famfo zai yi ɗan gurnani, "zzz", na kamar daƙiƙa biyu ya tsaya. In shiru ne, ko famfon ne, ko fiyus ɗinsa, ko ɗan akwatin da ke ba shi wuta.

Fiyus abu ne da za ki iya dubawa. Akwatinsu na cikin bonet ko ƙarƙashin sitiyari, kuma a bayan murfin akwai zanen da ke nuna na kowane ɓangare. In kin zaro kin ga siririn ƙarfen cikinsa ya tsinke, ki sa wani mai lamba da launi iri ɗaya. Kada ki yarda a naɗa masa waya ko takardar gwangwani, domin an yi fiyus ne ya ƙone a madadin mota, in aka hana shi ƙonewa motar ce za ta ƙone. In sabon ma ya sake tsinkewa nan take, akwai wayar da ke haɗuwa a wani wuri, aikin mai wayarin ne. A gidajen da ake ajiye hatsi kusa da gareji a riƙa zargin ɓera, yana son ɗumin inji kuma yana cin wayoyi.

Ki dubi dashbod kuma. In akwai 'yar fitila mai hoton makulli ko kwaɗo tana ƙiftawa da sauri, na'urar hana sata ce ba ta gane makullin ba. Hakan na faruwa in makulli ya faɗa ruwa, ya sha faɗuwa a hannun yara, ko an yanko shi a kasuwa ba a haɗa shi da kwamfutar motar ba. Ki gwada ɗaya makullin na ajiya.

In kina jin warin fetur bayan an yi ta murzawa, mai ne ya yi wa fulogi yawa ya jiƙa shi. Ki bar ta minti 10 zuwa 15, sannan ki take totur har ƙasa ki riƙe, ki murza, da ta kama ki saki. Amma in kin ga mai na ɗiga a ƙasa, kada ki sake taɓa makulli, ki fitar da yara, a kira mai gyara. Shi kuwa famfa totur kafin tayarwa, dabarar motoci masu kafireto ce, irin tsofaffin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Mota mai injekta kwamfuta ce ke auna mata mai, famfawa ba ta ƙara mata komai.

Ki tambayi kanki kuma, a ina aka sha mai na ƙarshe? In daga shan mai motar ta fara shaƙewa da tari, mai yiwuwa gurɓatacce ne ko mai ruwa, abin da aka fi samu a man galan na bakin titi. Ko a gidan mai ma yakan faru, kamar yadda aka gani a watan Fabrairun 2022 lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya ya lalata motocin jama'a. Maganinsa a zuƙe tankin a wanke.

Wurare biyu da ake cire hannu

Akwai yanayi biyu da ci gaba da murza makulli zai iya jawo asarar inji ɗungurungum. Na farko, in mota ta mutu a cikin ruwa lokacin damina, ko ambaliya ta shiga gareji ta kai tsayin bonet. In ruwa ya shiga cikin inji aka tilasta masa juyawa, ƙarafan ciki na lanƙwashewa, abin da zai ƙare da sauya baƙin mai da busarwa sai ya koma sayen inji. A tura ta gefe a jawo ta.

Na biyu, in mota ta mutu farat ɗaya kina tafiya, da kika murza kuma kika ji injin na juyawa da sauri fiye da kullum, sakayau kamar babu nauyi. Wannan alama ce ta tsinkewar bel ɗin cikin inji da ake kira tayamin bel. A wasu injuna kowane ƙarin juyi ƙarin ɓarna ne. Hausawa suka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, to a nan ma haka ne.

Yadda ake jona batir

In ta tabbata batir ne ya yi sanyi, sai a nemi wata mota mai lafiya a jona. A tabbatar ƙarfin wutarsu ɗaya ne. Ƙananan motoci duk bolt 12 ne, manyan motocin kaya kuwa da yawansu 24 ne, kuma za su ƙona miki kayan wuta. A matso da motocin kusa ba tare da sun taɓa juna ba, a kashe su, a ja birkin hannu, sannan a bi wannan tsari:

1. Jar waya a kan mai alamar tarawa (+) na mataccen batir.
2. Ɗaya bakin jar wayar a kan mai alamar tarawa (+) na batir mai rai.
3. Baƙar waya a kan mai alamar ragi (−) na batir mai rai.
4. Ɗaya bakin baƙar wayar a jikin wani tsiraran ƙarfe na injin motarki, nesa da batir.

Dalilin na huɗun shi ne batir na fitar da wata iska mai kama wuta, kuma jonin ƙarshe shi ke yin tartsatsi. A tayar da mota mai lafiya a bar ta kamar minti biyar, sannan ki gwada taki. In ta tashi a cire wayoyin daga na huɗu a koma na ɗaya, kada bakunansu su haɗu. Batirin da ya kumbura, ya tsage ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai ba a jona shi, sauyawa ake yi. Mai mota haibirid kuma ta nisanci wayoyi masu ruwan lemo, wutarsu na kisa, ta bi abin da littafin motar ya ce.

Bayan ta tashi kada ki kashe nan take, ki yi tafiyar aƙalla minti 30, ko a kai batirin wajen masu caji. Kuma kada a bar ta tana aiki a rufaffen gareji, domin hayaƙin mota na ɗauke da guba marar wari, irin wadda ke hallaka iyalai in an kwana da janareto a cikin gida.

Akwai wata al'ada da ya kamata ki hana a yi miki: a ɗora aron batir a tayar da mota, sannan a cire shi inji na aiki a mayar da naki, ko a zare kan batir wai don a gwada altaneta. Tsofaffin motoci kan jure, amma a motar yanzu wutar na iya yin tsalle ta ƙona altaneta ko kwamfutar mota, wadda kuɗinta ya ninka na batir. Haka tsiyaya fetur a maƙogwaron inji don ta kama, ya sha tayar da gobara.

Turi kuwa na mota mai giyar hannu ne kaɗai. A kai makulli kan ON, a taka kuloci, a sa giya ta biyu, in masu turi sun ba ta gudu a saki kuloci, da ta kama a sake takawa. Ki sani kafin inji ya tashi birki na da tauri, sitiyari na da nauyi, don haka ba a yi a gangare mai cunkoso ko inda yara ke wasa. Otomatik ba a tura ta don ta tashi, wahalar banza ce.

Magana da bakanike

Wadda ta kira ta ce, "Malam, mota ta lalace," ta ba da ƙofar a yi ta canje-canjen kaya ana lalube da kuɗinta. Wadda kuwa ta ce, "Malam, fitilu na kawowa da haske, inji na juyawa sosai, akwai mai rabin tanki, amma ba na jin kukan famfo," ta rage masa rabin aiki, kuma ya san da wadda yake magana. Ki gaya masa yaushe abin ya fara, da safe ne kawai ko in ta yi zafi, da gyaran ƙarshe da aka yi mata.

Kafin ki yarda a sayi sabon batir, ki ce a auna da mita a gabanki. Cikakken batir da ya huta yana nuna wajen bolt 12.6. In ya nuna 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuwa ya sauka. In inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai haka ba altaneta ce ba ta caji, kuma ko sabon batir aka sa kwana kaɗan zai yi ya mutu. Yawancin motocin da ke shigo mana suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar bincike ta faɗi inda ciwo yake, domin doka ta wajabta ta a Amurka tun 1996, a Turai kuma tun 2001 ga motocin fetur. Kuɗin wannan bincike ya fi sauƙi a kan sayen kaya bisa zato. Duk abin da aka sauya ki ce a ba ki tsohon, kuma a yi ciniki kafin a fara aiki. Masu gyara na kirki suna da yawa, in Allah Ya haɗa ku da mai amana ku riƙe shi, ku biya shi haƙƙinsa a kan lokaci.

In a hanya ne

In a kan titi ta mutu, lafiyarki da ta yara ita ce gaba da mota. Ki kunna fitilun gargaɗi masu ƙiftawa, a gangara da ita gefe, ki ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya da nisa. A babbar hanya ku fita ta ƙofar da ba ta kallon titi ku tsaya nesa. In dare ne ko wurin ba kowa, ki kulle ƙofofi, ki kira maigida ko wani muharraminki ki gaya masa daidai inda kike. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa baki ɗaya kuma 112. Wanda ya zo taimako ki gode masa, ki yi masa magana ta ɗan buɗin gilashi, amma kada ki miƙa makullinki ga wanda ba ki sani ba, kada kuma ki bar yara su kaɗai a rufaffiyar mota cikin rana ko da na minti kaɗan ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Yawancin ƙin tashin mota yana aiko da saƙo tun kafin ya zo. Zafi shi ne babban maƙiyin batir, kuma a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Kano zafin bazara kan haura digiri 40. Zafin ne ke cinye shi a ɓoye, sai sanyin hunturu ya zo da asuba ya tona asiri. Shi ya sa batirin da zai yi shekara huɗu ko biyar a ƙasar sanyi, a nan in ya kai uku sai a gode wa Allah. Ki rubuta ranar da aka saye shi a jikinsa. In ya haura shekara biyu a riƙa auna shi kafin shigowar sanyi. In mai ruwa ne a riƙa duba ruwan, a ƙara masa ruwan batir, ban da na famfo ko na leda.

In kin ji mota ta fara nauyin tashi da safe, ko jar fitila mai hoton batir ta kunnu kina tafiya, kada ki ce sai wani satin. Motar da ke zaune ba a hawa, kamar in maigida ya tafi aikin Hajji ko doguwar tafiya, a riƙa fita da ita sau ɗaya a mako ta yi tafiya mai ɗan nisa, domin zuwa bakin layi a dawo ba ya mayar wa batir abin da kik ya ja. Kada a bar mai ya sauka ƙasa da kwatan tanki. A lokacin ƙura a riƙa duba matatar iska. A tambayi mai gyara ko motarku mai tayamin bel ce, da lokacin da ya kamata a sauya shi.

A but kuma kada a rasa wayar jona batir mai kauri, sifana lamba 10, filaya, sukundireba, tocila, 'yan fiyus na ajiya, safar hannu, alamar kusurwa uku da tukunyar kashe gobara. Lambar bakanike da ta mai wayarin su kasance a wayarki, kuma a rubuce a takarda cikin mota ko da caji zai ƙare.

Shawararmu ta ƙarshe, uwargida, ki samu ranar hutu ki roƙi maigida ya buɗe bonet ku duba tare, ya nuna miki inda batir yake, inda akwatin fiyus yake, da yadda ake duba baƙin mai. Ki kira manyan yara, mata da maza, su ma su gani. Addininmu ya koyar da mu a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, don haka a kula da abin hawa, a kuma riƙe addu'ar fita daga gida da ta hawa abin hawa.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kiyaye mu da iyalanmu daga tsautsayi da asara. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.